Gatarin Aradu

Goggo Marka ta ce daga sama ya faɗo,
daren da aradu ta tsaga ɗorawar bakin rafi.
Ta tsince shi tana haƙar citta a Kwoi,
baƙi, sumul, bakinsa kamar haƙorin gaba.
Shekara talatin yana soke a jinkar rumbu
yana gadin dawa, kada tsawa ta dawo neman ɗanta.

Ni na roƙe shi aro.
Na naɗe shi a ɗankwali, na hau mota zuwa Samaru,
inda Malam Jatau ke da injin tambayar duwatsu.
Bai fasa shi ba.
Ya kankari gefen da ya riga ya ɓantare,
garin bai kai gishirin miyar mutum ɗaya ba.

Haske ya shiga, lambobi suka fito:
ƙarfe kaza, alli kaza,
da waɗansu sunaye da harshena ke tuntuɓe a kansu.
Ya ce kowane dutse da tsagar gidansu,
wadda wuta ta yi masa tun yana narke a cikin ƙasa.
Ruwa ba ya wanke ta.

Rani biyu muna yawo da guduma da buhu.
Kufena ta ce ba ɗanta ba ne.
Kajuru ta so ta yi kama,
amma kama da wane ba wane ba ne.
Sai wata baƙar jijiya a bayan tsaunin Kagoro,
inda awaki ke fakewa in ruwa ya sauko.
Lambobin suka hau juna
kamar tukunya da murfinta.

Yini biyu ne a ƙafa.
Wa ya ɗauko shi?
Wa ya zauna bakin ruwa yana gogawa
har tafinsa ya yi kanta?
Da zuma aka musanya shi, ko da fatar gada,
ko mai shi ya aje a gindin itace da nufin komowa gobe?
Injin bai san wannan ba.

Na mayar wa Goggo kayanta.
Na ce, daga Kagoro yake.
Ta juya shi, ta sa babban yatsa inda aka kankara.
"Kun rage masa," in ji ta.
Can kuma: "To ai daga can hadari ke haɗowa."

Ta kifa turmi, ta taka,
ta soke shi inda yake dā.