Karkaɗe Riga

A gidanmu na kan tudu a Valparaíso,
inda matakala ɗari da sha huɗu
ta raba ƙofarmu da teku,
babana Eulogio bai taɓa sa riga
bai karkaɗe ta sau uku ba.
Sai ya kifa takalmi, ya bubbuga shi a bango,
ya leƙa ciki kamar mai duba ruwan rijiya,
sannan ya amsa gaisuwarmu.

Ni da Nelda mukan yi masa dariya.
Ranar da na cika shekara tara
ya tuɓe rigar, ya juya mini baya.
Ƙasan kafaɗarsa ta hagu akwai rami
mai faɗin bakin kofin shayi,
fata ta lotsa, gefenta ya tattare.
Ya ce, sa yatsa.
Na sa. Wurin ya fi sauran jikinsa sanyi.

Jikinsa bai fi ƙwayar wake ba, in ji shi,
launin ƙasa, mai kunya, ba ya tsokanar kowa.
Yana barcinsa a hannun riga
na faɗa masa ɗaki babu sallama.
Kwana ashirin na yi a asibiti,
kafin in fito an ba wani aikina a tashar jirgin ruwa.

Gizo-gizon lungu muke ce masa.
Bayan kabad, bayan hoto,
cikin bargon da aka ninke aka manta.
Akwai wani kuma, siriri, mai zanen damisa,
mai tafiya kamar ana binsa bashi bai damu ba.
Shi Baba ya hana a taɓa.
Ɗan haya ne, ya ce, da farauta yake biya,
wancan na lungu ne abincinsa.

Baba ya rasu a watan Yuni, ana ruwa.
Yau ni kaɗai nake kwashe gidan.
Nelda ta kira daga Antofagasta:
ki fesa magani ko'ina, ki rufe, ki fita.
Na ce to. Gwangwanin yana nan a jaka.

Da na sauke hoton aurensu
sai ga shi a bango, cikin saƙa yamutsattsiya
kamar audugar da aka yaga.
Bai motsa ba. Ni ma haka.
Shekara arba'in ina jin labarinsa
ban taɓa ganin ƙanƙantarsa da idona ba.
Wannan ne ya cinye mana kuɗin makaranta?
Wannan ne ya koya wa gida guda tsoron tufafinsa?

Na lalubo takalmin Baba a ƙarƙashin gado.
Hannuna ya riga ni,
ya kifa shi, ya bubbuga, na leƙa.
Sannan na buga sau ɗaya.
Tabon da ya bari a bangon
ko farcena ya fi shi girma.

Can sama, kusa da silin,
ɗan hayan yana saukowa a hankali,
ya makara kamar kullum.
Na bar masa tagar kicin a buɗe, na bar masa gidan.

A bakin ƙofa ɗana Baltasar yana jira
in miƙa masa kwat ɗin kakansa.
Na karkaɗe sau ɗaya, sau biyu.
Yana dariya.
Na karkaɗe na uku.