Lemo a Ƙofar Setúbal

Ni ne Hermínio, haifaffen Silves,
shekara ashirin da uku a bayan sitiyari.
Litinin da asuba na yi lodin lemo,
tan goma sha takwas, na nufi bakin teku.

A hanya akwai wata gadar ƙarfe da ba a hawa,
ba ta tsallakar da kowa, ita dai ido ta zuba.
Ka bi ta ƙarƙashinta, ta ƙyafta,
ta haddace lambar motarka kamar mai bin bashi.
Ba sannu da hanya, ba a sauka lafiya.

Da can, a wata hanyar, akwai ɗan ɗaki,
da Dona Graciete mai tabon ƙuna a hannun hagu.
In kwabbaina sun gaza sai ta harare ni,
ta cika daga aljihunta, ta ce "Ranar Alhamis."
An rushe ɗakin. Ban tambayi inda ta koma ba.

Na iso tasha, na tarar da sarƙa a ƙofa.
Ƙugiyoyin ɗaga kaya sun miƙe wuya sama
kamar zalɓen da ya yi fushi da kifi.
Jirage uku can nesa, sun yi jugum,
ga tireloli jere har bayan gidan mai.

A gindin wata ganga da aka hura wa wuta
na hango Valdemar, yayan matata.
Na ce, "Kai, lemo ba ya jiran sulhu!"
Ya ce, "Shekara tara da saƙon waya ake kirana,
yau zo, gobe zauna gida.
Kullum sabuwar takarda ta yini ɗaya,
ko jakin haya ya fi ni sanin gobensa."
Na ce, "To ni na rubuta maka ita?"
Ya juya min ƙeya. Ni ma na juya mota.

Laraba aka ce an daidaita, na dawo.
Ashe zancen 'yan mashaya ne.
Zuwa biyu, komawa biyu,
gadar nan ba ta yi kuskuren ko ɗaya ba.

A gidan waya Idalina ta duba allo:
"Yuro arba'in da ɗaya da 'yan canji.
In ka bari wa'adi ya wuce, tara za ta haihu."
Na ce, "Ko lemo guda ban sauke ba."
Ta gyara tabarau, ta ce,
"Ba ta tambayar abin da ka ɗauko.
Ita kuma ba ta yajin aiki,
shi ya sa aka ɗauke ta."
Na ƙirga mata kuɗin,
maganar ta biyo ni har cikin mota.

Juma'a ina bakin ƙofar, mai kaya ya bugo,
muryarsa kamar an jiƙa tsumma:
jirgin ya gaji, ya wuce Sifaniya,
wanda ya fara laushi in yi yadda na ga dama.

Na buɗe bayan mota.
Lemo ya gangaro kan kwalta, yana bin takalma.
Maza masu tafin hannu kamar tayar gaba
suka durƙusa suna tsinta kamar yara.
Ƙamshin ɓawo ya danne hayaƙi da gishirin teku.
Valdemar ya miƙo gasasshen kifi a kan burodi.
Ban yafe masa ba tukuna,
amma na ci.

Da dare na kama hanyar gida, mota fayau.
Da na zo gadar, sai na ga hannuna ya tashi
da kansa, yana gaisuwa irin ta da,
yatsuna suna danƙo da ruwan lemo.
Ta ƙyafta.
Ta rubuta.