Kana Nan?

A Kajaani, cikin tsohuwar masana'antar takarda
inda babana Reino ya bar jin kunnensa na hagu,
na'urori ɗari biyu da arba'in ke tsaye sahu-sahu,
ba mai tari, ba mai neman hutun shan taba.
Ni ce Onerva, mai gadin dare.
Suna ne dai kawai.
Gungun nan da masu gadinsa ya zo duniya,
a cikin cikinsa aka halicce su.

Akwai mai rabon aiki, ba ya son kai,
wanda kafaɗarsa ke da sauran wuri shi yake ɗora wa.
Akwai magatakarda,
ko atishawa fanka ta yi sai ya sa a littafi.
Akwai mai riƙon mabuɗai, fuska ba annuri,
ni da na girka shi ma sai ya tambaye ni ko 'yar gidan wa ce.
Amma na fi son autansu,
wanda ba shi da sana'a sai zagaye.
Duk daƙiƙa biyu ya ƙwanƙwasa kowace ƙofa:
Kana nan?
Ina nan.
Kana nan?
Ina nan.

Daren Talata, ƙarfe uku da minti goma sha biyu,
dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a wurin ajiye motoci,
na'ura ta arba'in da ɗaya ta yi tsit.
Ita ce ma ke riƙe da shugabanci.
Aka ƙwanƙwasa sau ɗaya. Sau biyu. Sau uku.
Ba koke-koke, ba jiran dangin nesa.
Sauran suka haɗa kai, aka ƙidaya hannuwa,
rinjaye ya faɗa kan ta bakwai,
kayan mamaciya maƙwabta suka ɗauka,
lissafin guguwar da wata ɗaliba a Oulu ta ɗora a wuta
ko kamu bai yi a gindin tukunya ba.
Kafin in dire kofin gahawa
an yi rasuwa, an yi naɗi, an raba gado.
Rabona a ciki: jan layi ɗaya a allo,
da faifan da zan sauya in gari ya waye,
in har wannan toka-tokar ta cancanci sunan safiya.

Na zauna. Fankoki na ta huci.
Zafin da suke furzarwa bututu ke kai wa cikin gari,
wataƙila har ɗakin babana a ƙetaren kogi,
inda yake kwana shi da rediyo da karya mai suna Halla.
Sai na ƙirga da yatsu, yatsun suka ƙare.
Kwana goma sha ɗaya ban ƙwanƙwasa ba.
Da shi ne na arba'in da ɗaya,
wa zai lura cikin daƙiƙa shida?
Cikin kwana shida ma wa zai lura?
Sai dai Halla,
ita kuwa ba ta rubuta rahoto.

Mu ba a gina mu da ɗan zagaye a ciki ba.
Ko an gina, mu muka kashe shi
don ƙararsa na hana mu barci.

Huɗu saura kwata na danna lambarsa.
Ƙara ɗaya. Biyu. Uku.
A dokar gidan nan da tuni an raba gadonsa.
Na ƙi ajiyewa.
A ta tara, murya kamar tsohon zarto:
"Wa ya mutu?"
"Ba kowa, Baba. Wata na'ura ce."
"To ni da raina.
Ki taho da baƙin burodi ranar Asabar.
Kuma ki ɗaga murya, wayar na kunnen hagu."

Na koma gaban allo.
Autan nan na kan zagayensa,
har ƙofar mamaciyar bai tsallake ba,
duk daƙiƙa biyu,
ko za a dace.