Gwangwanin Mumuni

Ranar da Mumuni ya shigo da shi gidanmu na Aboabo
ya ajiye kan tabarma kamar mai kawo sadaki.
Ya ce, "Yaya, ga abinci.
Cokali biyu, ruwa kofi guda,
ki girgiza, ki kurɓe, kin gama da rana."
Na juya gwangwanin, ga hoton wata siririya tana dariya.
Na ce, "Wannan ba ta taɓa riƙe muciya ba."
Sidi ɗari uku da hamsin!
Da kuɗin nan sai in cika kwando a Kejetiya,
ayoyo, daddawa, busasshen kifi,
har in rage na mota.

Ya ce lokaci ne ba shi da shi,
shagon waya ba ya jiran mai tauna.
Na ce, "Wake da shinkafar Inna Adiza fa?
Tun asuba tana bakin titi,
a ganye take naɗewa, da shito da ƙwai da taliya.
Wa ya taɓa makara don ya tsaya wurinta?"
Ya ce, "Kowa. Layinta har masallaci."
To, nan kam ya kayar da ni.

Na ɗanɗana.
Zaƙi mai santsi,
kamar kokon da aka manta da citta da kanumfari.
Haƙorana suka zauna babu aiki
kamar 'yan dako ranar da mota ba ta zo ba.
Kafin azahar cikina yana kiran sunana.
Na mayar masa da kayansa.

Damina ta sauka, Baba ya faɗi a bakin famfo.
Ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi.
Mutumin da kan share malmala uku ya leƙa tukunya,
yanzu ƙwayar shinkafa ɗaya
tana sa shi tari har hawaye.
Nas Akosuwa ta rubuta suna a takarda,
na kai kantin magani, aka miƙo mini.
Ɗan'uwan wancan gwangwanin ne, uwa ɗaya uba ɗaya.
Mumuni yana tsaye a bayana.
Bai ce uffan ba, Allah ya saka masa.

Mako bakwai ina damawa da kauri,
in jingina shi da matashi biyu.
Cokali. Jira. Goge haɓa.
Cokali.
Abin da na raina
shi ya riƙe mini ƙashin mahaifina
har nama ya fara komawa kumatu.
Na daina zagin matar da ke jikin gwangwani,
wani dare ma har na gaishe ta.

Sai dai duk sanda na ɗora tukunya
nakan ga idonsa ya bi hayaƙi zuwa madafa.
Hanci bai shanye ba.

Wata Laraba ya ture kofin da hagu.
Ya ce wani abu. Na sunkuya. Ya sake.
"Tu... wo."
Na kira Akosuwa a waya,
ta yi dariya, ta ce a gwada, mai laushi, kaɗan.
Na tuƙa shi ruɓus, na kaɗa ayoyo har ta yi yauƙi.
Ya ƙi cokali.
Yatsu uku ya sa,
rabi ya zube a riga, rabi ya isa.
Ya daɗe yana juya lomar a baki
kamar mai gaisawa da tsohon aboki a tasha.
Muka wanke hannu, muka matso,
kwano ɗaya, mu huɗu,
har jikarsa mai lasar gwiwar hannu.

Mumuni har yau yana girgiza kwalbarsa da safe
a guje, hular kwano a hammata.
Ban hana shi ba.
Amma da isha zan ji babur a ƙofa,
ya leƙo, "Yaya, akwai saura?"

Gwangwani ɗaya na kan kabad, da rabi a ciki.
Ban zubar ba, jiki ba ya sallama in zai faɗi.
Waɗanda suka ƙare na wanke su tas.
Ɗaya gishiri, ɗaya kuka,
babban kuma daddawa.