Gurbi na Tara

Ni tafinta ne a Ikoyi.
Ina ɗauko magana daga bakin wanda ya gudo,
in tsame ta daga kuka, in shanya ta a fom.

Ran Talata, ruwa na dukan kwano tun asuba,
danfo ya sauke ta a Obalande, ta ƙaraso a ƙafa,
takardunta cikin ledar burodin Agege.
Sittana, daga Niyala.
Na gyara murya, na shirya ɗan Larabcina,
sai ta ce, "Ɗan nan, ka kwana lafiya?"
da wata tsohuwar Hausa
wadda rabona da ita tun rasuwar kakata.

Kakanta ya bar Kazaure a ƙasa, zai je Makka.
Guzuri ya ƙare a Sudan, ya yi gona, ya yi zuriya.
Bayan shekara ɗari bindiga ta ce a juya.

Ranar haihuwa? Ta ce shekarar fara.
Na rubuta ɗaya ga Janairu,
ranar da ake haihuwar duk marasa rana.

Na'urar yatsa ta ƙi ta har sau huɗu.
Wankau a Idi-Araba ya cinye zanen.
Ta dubi babban yatsanta, ta yi dariya:
"Kai ma ka tafi ka bar ni?"

Wajen hoto aka ce ban da murmushi.
Ta ce wannan mai sauƙi ne.

Sai gurbi na tara: 'ya'ya nawa?
Biyar.
Mudassir yana Kanada, shi ke neman a kai masa ita.
Biyu suna nan, suna tallar ruwan leda a bakin gada.
Ɗaya ta binne a hanyar Cadi, da ita da wani direba.
Na biyar fa, Inna?
"Ya fita sayen gawayi."

Fom ya san mai rai, ya san mamaci.
Bai san wanda ya fita sayen gawayi ba.

Madam Oyinkan ta cire tabarau, ta daɗe tana gogewa.
Ta jawo wata takarda, ta masu cigiya,
ta ce in tambayi tsawonsa, da tabo in akwai.
Akwai, a gira. Jaki ne, yana shekara shida.

Biza kuwa ba ta da ranar kasuwa.
Wata tara, ko shekara biyu, Allah masani.
Sittana ba ta tambayi sanyin can ba.
Cewa ta yi, "In na hau jirgi ya dawo,
wa zai nuna masa hanya?"

Ba aikin tafinta ba ne.
Na rubuta lambata a ƙasan takardar.

Tun ranar ba na kashe waya.
Ko an ɗauke wuta, sai na kai ta caji wurin mai shayi.
Baƙuwar lamba in ta kira tsakar dare
ina ɗauka, in yi sallama,
in saurara.