Jirgin Baba Endel

A Parnu, sa'ad da ƙanƙara ta rufe tafki
har kare na ratsa shi bai jiƙa ƙafa ba,
ni da mahaifina muka mamaye teburin cin abinci.
Mama ta koma shan miyarta a bakin taga.

Jirgin bai fi tsawon hannuna ba,
fanko ne fari, cikinsa wayam,
yana jiran a dasa masa zuciya.

Inji biyu na ajiye.
Ɗaya siriri kamar kwalbar turare,
ɗaya ƙato, ya cika tafin hannu.
Na nuna babban.
Baba ya ɗora shi a sikelin da Mama ke auna fulawa,
ya karanta lambar, ya taɓe baki.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin injin jirgin masunta,
can ya baro kunnensa na hagu.
"Piret, wannan mahaɗamaci ne.
Zai zuƙe batir kafin ki ƙifta ido,
ya dafa miki wayoyi kamar taliya.
Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Muka ɗauki siririn.

Batir ma sai da muka yi kwana uku ba ma ga maciji.
Ni mai gida shida nake so, shi mai gida huɗu.
Ya ce nauyi bashi ne, ruwa kuma ba ya yafewa.
Ya kwantar da fensir a kan tebur,
ya ɗora jirgin a kansa, yana matsar da batir
gaba kaɗan, baya kaɗan,
har ya tsaya cak, hanci bai sunkuya ba, gindi bai zauna ba.

Wuri ɗaya kawai ya saki bakin aljihu:
ɗan akwatin da ke tsakanin batir da inji,
mai auna wutar da za ta wuce.
"Sayi wanda ya fi ƙarfin aikin.
Dokin da aka yi wa kaya daidai ƙarfinsa
shi ke durƙushewa a hawa."

Hannunsa na rawa yanzu,
don haka ni ke narka dalma, shi ke riƙe fitila.
Bututun ruwan da zai sanyaya inji
sau uku ya sa na kwance,
ya hura shi da bakinsa, ya kara a kunnen da ya rage.
Farfela kuwa ƙaramar ya zaɓa.
Sauri, in ji shi, ya haifi nawa.

Afrilu ta zo, ƙanƙara ta tsattsage.
Na sa jirgin a ruwa, na zagaya da shi sau biyu
a hankali, yadda aka koya mini.
Sai na miƙa masa rimot, don ladabi.

Ban san mutumin nan ba.

Ya danne maɓalli har ƙarshe.
Jirgi ya ɗaga hanci, ya yi kukan zanzaro,
ya tsaga tafkin biyu, jelar ruwa na binsa,
agwagi suka watse,
Baba na ihu kamar yaron da aka saya wa keke.
A kwanar farko bai sassauta ba.
Jirgin ya tashi sama, ya juya, ya faɗo ruf da ciki.

Shiru.
Farfela na kallon gajimare.

Da sandar kamun kifi muka ceto shi,
ƙwallon roba ɗaure a bakin zare.
Jifa goma sha huɗu, na ƙirga.
Ya buɗe murfin, ya taɓa injin da bayan yatsa:
ko ɗumi bai yi ba.

A hanyar gida bai ce uffan ba
sai da muka wuce gada.
"Wancan babban injin," ya ce, yana kallon taga,
"kin riga kin mayar wa mai shago?"