Sakin Layi na Huɗu

A saman gidan burodi, a Porto Alegre,
ruwa na dukan kwano tun la'asar.
Mu tara ne, kujeru bakwai.
Ƙoƙon shayin ganye na yawo hannu zuwa hannu,
wanda ƙoƙo ke hannunsa shi ke da baki.
Ni biro aka ba ni.

Manhajarmu ba ta da mai ita, shi ya sa ta zama ta kowa.
Ita ke ƙirga littattafai a ƙananan laburare:
wa ya ara, wa ya maido, wa ya yi shiru.
Shekara goma sha bakwai tana tafiya
ba albashi, ba shugaba, ba kwaɗo a ƙofa.
Yau muka zauna mu rubuta wa kanmu ɗa'a.

Valdomiro ya zuƙi ƙoƙo sai da ya yi ƙara.
Ya ce, "Na'ura ba ta san sannu ba.
Layi ko ya yi aiki, ko ya faɗi.
Na ce aikin yarinyar shara ne, kuma shara ne,
ban taɓa iyayenta ba.
Yau ku ɗaure harshe, gobe ku ɗaure hannu,
jibi gidan 'yanci ya koma caji ofis."

Rabin layukan nan shi ya rubuta su,
da dare, bayan ya rufe shagon gyaran agogo.
Kowa ya sani. Ko tari ba a yi ba.

Odete ta karɓa, ba ta sha ba.
"Kai kana ƙirga waɗanda suka zauna,
ni ina ƙirga kujerun da suka huce.
Jurema ta kawo maganin ƙwaron nan
mai cinye sunayen da ke da ɗigo da wutsiya.
Da kuskure a aikinta, na yarda, har uku.
Da ukun ka nuna mata, da yanzu tana nan.
Ka ce ƙofa a buɗe take.
Ƙofar da kare ke kwance a bakinta?"

Sakin layi na ɗaya, mu girmama juna:
hannu tara a sama.
Na biyu da na uku suka bi makwarara.
Na huɗu ne ya tsaya mana a wuya:
in an saɓa, wa zai ji ƙara?

Lindomar ya ce mutum uku, a asirce,
don mai kuka kada ya haɗiye kukansa.
Neusa ta ce, "Mu da muka baje kowane layi a rana,
mu ne za mu yi shari'a a ɗaki?
In wanda ake ƙara yana cikin ukun fa?"
Wani ya ce wata ɗaya a waje. Wani ya ce har abada.
Valdomiro ya ce lasisi ya ba shi dama
ya ɗauki kwafinsa ya kafa nasa gari.
Odete ta ce gyara kayanka
ba ya zama sauke mu raba.

Sai rufi ya fara yoyo daidai kan takardata.
Tawada ta narke a kan kalmar "hukunci".
Valdomiro ne ya tashi ya jawo bokiti,
ya ƙara ruwan zafi a ƙoƙo,
ya miƙa wa Odete ba tare da ya dube ta ba.

Ƙuri'a: biyar da uku.
Nawa hannun yana riƙe da biro.

Ƙarfe sha ɗaya na isa gida, takalmi sharkaf.
Na kunna kwamfuta, na buɗe manhajar,
na rubuta Conceição, sunan mahaifiyata,
mai katin laburare tun kafin a haife ni.
Allo ya yi ɗan jim,
ya ce babu mai wannan suna.